Wurgin Hansai

Bana gero ya yi kyau a gabashin gari, tsuntsu kuma ya ji labari. Tun da kan gero ya fara ɗaukar ido, yaran gidan nan ba sa wuni a gida. Sun kewaye gona da tsohon zaren kaset da ledoji, iska na kaɗawa suna ƙyalli, wasu kuma sun sayo abin fashewar nan na yara suna ta kunnawa. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsintar wake, jikata Nana ta dawo daga gona ta tarar da akuyar maƙwabta ta tura kai cikin shanyata. Ta sunkuya ta ɗauki guntun sakaina, ta mayar da hannu baya, ta ɗaga shi sama da kafaɗa, ta sake shi. Ya sami akuyar a gindin kunne.

Ta ce, "Kaka, kin ga yadda na cilla mata?"

Na ce, "Ba cilli kika yi ba. Wurgi kika yi."

Ta ce ai duk ɗaya ne. Na ce ba ɗaya ba ne, zauna ki ji.

Mu a wajenmu, ƙauyukan da ke bayan garin Babban Mutum, jifa sunan duka ne. Amma in hannu ya taso daga ƙasa, ya bi gefen cinya ya saki abu, kamar yadda ake miƙa wa magini tubali yana kan katanga, wannan cilli ne. Wurgi kuwa sai gwiwar hannu ta haye kafaɗa, hammata ta buɗe, ƙafar hagu ta yi gaba, jiki duka ya bi bayan hannun. Abin da ka cilla yana sauka inda idonka ke gani. Abin da ka wurga kuwa yana iya faɗawa can bayan gona, ka ji saukarsa ba ka gani ba. Ban san yadda mutanen cikin birnin Daura ke faɗi ba, mu dai haka muka tashi muka ji.

A zamaninmu wurgi na maza ne. Ba wanda ya hana mace da baki, zani ne ya hana ta. Yarinya in ta fara tasawa ana mayar mata da ɗaurin zani ƙirji, a soke bakinsa a ƙarƙashin hammata, ba riga ba komai. In ta ɗaga hannu da ƙarfi sama da kafaɗa, ɗaurin ya tafi. Shi ya sa za ka ga mace tana korar kaza hammatarta a matse, kamar wadda ta ɓoye ƙwai.

Mace ɗaya na sani da ta iya wurgi tun muna yara. Hansai ce, 'yar gwaggona.

Shekarar da nake ba da labari, wadda ta gabace ta ruwa ya ɗauke da wuri. Gero ya tsaya da ciki bai haihu ba. Abin da aka samu bai rufe gindin rumbu ba, kafin bazara ta yi nisa Inna ta fara shiga rumbun da tsintsiya. Zafin bazarar nan kuwa, in ka taka yashi da rana tsaka sai ka yi rawa ba kiɗa. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga na fitowa da rabin laka. Tuwo ya koma na dare kaɗai, daga baya ya koma kunu, kunun ma ya tsinke har kana hango gindin ludayi.

A cikin wannan bazarar aka kawo mana Hansai. Gwaggona, ƙanwar Baba, ta auri wani mai kiwo can wajen iyaka, ta rasu wurin haihuwa, uban kuma ya bi shanu kudu. Aka ɗora yarinyar a bayan jaki aka kawo wa kawunta. Ba ta kai ni shekaru ba. Baƙa ce siririya, ƙafafu kamar na zalɓe, zani a ƙugu, sama kuma wata 'yar taguwa ta yaran makiyaya da ta koɗe ta zama kalar ƙasa. Baba ya fito har ƙofar gida ya sauke ta da hannunsa, ya ce, "Hansai, sannu da hanya. Nan ma gidanku ne."

Ina tsaye da tulu a kai. Ban taɓa jin muryarsa ta yi laushi haka ba.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Wanda ya san yadda muke a da, ya san abin da nake nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwa sai ya ce wa Inna, "A ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa," ina tsaye a gabansa. In na yi abin kirki sai ya dubi katanga. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ubansa ya yi wa nasa ɗan farin. Na sani, kowa ya sani. Amma sani ba ya hana zuciya nema.

Abu ɗaya nake da shi a wurinsa a shekara. A gidanmu, ranar da gero ya isa tumu, Baba ke zuwa da kansa ya yanko kawunan farko, ya hura wutar kara, ya gasa. Kan da ya fara fitowa daga wuta na wanda ya tsare gona daga tsuntsu ne. Da hannunsa yake miƙawa, ba aike. Ƙannena maza biyu a lokacin, ɗaya na goye, ɗayan bai wuce a aike shi ɗebo wuta ba, don haka tun ina ƙarama ni ce mai tsaron gona. Ina kaɗa gwangwani, ina ihu, ina cilla ɗan abin da na samu. Duk shekara Baba zai miƙo mini tumun nan, fuskarsa a gefe, yatsunsa su ɗan taɓa nawa. Shi ke nan rabona da shi har wata damina. Ban taɓa tunanin akwai wanda zai shiga tsakanina da wannan ba.

Da aka ga hadari ya fara leƙowa yana komawa, Baba ya ce binne zai yi. Ya ɗauki irin da Inna ta ɓoye a tulu ta liƙe bakinsa da laka don kada yunwa ta sa mu ci, ya tafi ya zuba shi cikin busasshen yashi. Maƙwabta suka ce ganganci ne, in yayyafi ya taɓa shi ya ɗauke, iri ya ƙone. Allah da ikonsa, aka yi ruwa mai ƙarfi, aka ƙara wani a bayansa. Namu ya tsiro lokacin da sauran mutane ke neman sungumi. Aka yi ta yi wa Baba barka.

Wani tsoho maƙwabcin gonarmu, Malam Nomau, shi kaɗai bai yi barka ba. Ya tsaya a kan iyaka ya dubi geron ya ce, "Naka zai riga na kowa nuna. Ka san kuwa wanda zai fara zuwa maka barka? Mai jan baki."

Haka aka yi. Muka yi noman farko, muka yi maimai, da ganyen tafasa da rama a ciki. Inna kan dafa tafasa ta matse, ta barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri kaɗai. Bakinmu ya yi kore, cikinmu na kuka kamar kwaɗin kududdufi. Baba kuma ya shiga ƙwadago a gonakin masu hali, ya fita da asuba ya dawo da ɗan awon dawa a ƙasan hula ko a bakin riga. Gero ya yi ciki, ya fitar da kai, ya yi bununi, ya fara ɗaukar ido. Duk faɗin wannan jigawa namu kaɗai ne ya kai haka, na sauran mutane ko kai bai fitar ba. Sai tsuntsu ya sauka.

Jan baki ɗan mitsitsin tsuntsu ne, tafin hannun yaro ya rufe shi. Amma ba ya zuwa shi kaɗai. Daga ƙayoyin da ke bakin fadama suke tasowa da sassafe, ka hango kamar hayaƙi, hayaƙin ya lanƙwasa ya miƙe, sai ka ji wani shuuu kamar ruwa na tahowa. In sun sauka a kan gero, kara har sunkuyawa yake. Kafin ka zagayo sun tsotse idon sun bar maka kai fari fat.

Baba ya kafa mana ɗan gado a kan gwafanni a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi zuwa kusurwoyi, ya rataya gwangwanaye da tsummoki. Ya ce wa Inna, "Yarinyar nan ta tafi da Hansai, ta nuna mata yadda ake yi."

Na ji daɗin wannan magana. Na hau gado, na ja igiya, gwangwanaye suka yi kuka, tsuntsu ya tashi daga gabas ya sauka a yamma. Na ja ta yamma, ya koma gabas. Kafin hantsi sun gane gwangwani ba ya cizo. Na sauko na sami wani ɗan dunƙulen ƙasa na cilla, ya faɗi nan kusa, ko kallonsa ba su yi ba.

Hansai tana tsaye tana tauna tsinke. Ta ce, "Yaya Rabi, abinci kike ba su ne?"

Taubashiyata ce, tana da bakin tsokanata, ba dama in kai ƙara. Na ce, "In kin fi ni, bismilla."

Ta duba ƙasa. Gonarmu yashi ce, ba dutse ba hoge. Ta je gindin wani suri ta ɓanɓaro ƙasarsa mai tauri, ta hau gado, ta tsaya. Ta mayar da hannu baya har na ga ƙashin kafaɗarta ya motsa a cikin taguwa, ƙafar hagu ta yi gaba, ta sake shi da wani ihu irin na masu kora shanu. Abin nan ya yi sama, ya wuce rabin gona, ya faɗi tsakiyar garken ya tarwatse. Suka tashi gaba ɗaya, ba su sauka ba sai bakin fadama.

Malam Nomau da ke noma a gonarsa ya miƙe ya dafa ƙugu. "Kai! Wane yaro ne wannan?"

Na ce, "Ba yaro ba ne, Hansai ce."

Ya ce, "Wannan ai ta fi yaro. Ke kuma me kike yi a nan?"

Tun daga ranar aiki ya rabu. Ƙasar surin ba ta kai ko'ina ba ta ƙare, sai aka koma yin curin laka. Ni ce mai zuwa kududdufi in ɗebo laka a ƙwarya, in cuccura ta kamar ƙwallon fura, in jera a rana. Damina ce, rana ba ta da tabbas, don haka mafi yawa a gefen murhun Inna nake busar da su. Da asuba in zuba a kwando in ɗauka a kai, Hansai na gaba tana kaɗa hannu ba kaya. In mun isa ta hau gado, ni ina ƙasa ina miƙa mata. Laka ake so, ba dutse ba, don laka in ta faɗi fashewa take ta watsu ta firgita su, ba ta karya kan gero, in ta sami mutum a gonar maƙwabta kuma ba ta fasa masa kai. Wannan ni na sani, ni na koya mata. Ba wanda ya taɓa tsayawa a kan hanya ya ce, wa ya cura lakar nan? Amma masu wucewa kasuwa kan tsayar da jaki su kalli wurgin Hansai.

Da yamma in Baba ya dawo, kafin ya ajiye fartanya zai ce, "Ina Hansai? Yau yaya kuka kwashe da mutanen naki?"

Ta ce, "Kawu, yau har wani na kayar."

Ya yi dariya. Baba da dariya! Ni ina gefen murhu ina juya curi don kada su tsage, hayaƙi na shiga mini ido, na ce ai hayaƙin ne.

Kishin nan ya bi ni har cikin ƙananan abubuwa. Na ji haushin taguwarta. Na ji haushin yadda take cin tafasa tana lashe yatsa kamar nama. Na ji haushin cewa ba ta ma san ina jin haushi ba, ta kwanta kusa da ni ta ɗora mini ƙafa ta yi barcinta. Kuma kada a ce yarinta ce ta wuce. Hansai tana nan da ranta a Mai'adua, 'ya'yanta sun kai ta Makka. Da ta dawo na je yi mata barka, wata da suka tafi tare take ba da labari wai a wurin jifan Shaiɗan tsohuwar nan daga can baya take sakin tsakuwa tana isa, har wasu Larabawa suka juyo suna kallo. Aka yi ta dariya. Na sha zamzam ɗina na ce Allah ya karɓa, amma kishin nan sai da ya motsa.

To, wata rana da rana tsaka, lokacin da tsuntsu kan lafa ya koma inuwa, na ce wa Hansai ta sauko. Na hau gadon, na ɗauki curi, na yi yadda na ga tana yi. Hannu na hayewa kafaɗa, ɗaurin zanina ya kwance. Na saki curi na cafke zani, curin ya faɗo a kan babban yatsana.

Hansai ta faɗi ƙasa tana birgima. "Yaya Rabi, zaɓi ɗaya! Ko zani ko tsuntsu!"

Na ce, "Rufe mini baki, mai ƙafar zalɓe."

"Ni dai zalɓe ce, na ji, amma nawa zanin na nan."

Ta gama dariyarta ta share hawaye, sai ta tuɓe taguwar ta miƙo mini. Na dube ta. Ko kaina ba zai shiga ba, kuma ko zai shiga, ba zan sa ba. Na je bakin gona inda Inna ta yafa rama, na ɓare ɓawonta na murza igiya, na ɗaure zanina da ita tam a ƙarƙashin hammata har numfashi na yi mini wuya. Na sake hawa.

Na farko ya tafi gefe. Na biyu ya bugi gwafar gado. Hansai ta ce, "Da hannu kike yi, shi ya sa. Ba a hannu yake ba, daga ƙugu yake tasowa. Taka ƙafar can. A'a, waccan. Ke kam ko saniya ta fi ki gane hagu." Na haɗiye zagin, don ina so in iya. Kullum rana tsaka haka muke yi. Igiya ta ci mini fata ta yi sawu ja, gumi na shiga yana zafi kamar barkono. Inna ta gani wata rana ina wanka ta ce, "Ke 'yar nan, me ya yanka ki haka?" Na ce kwando ne. Ta dube ni, ta dubi inda kwando ke zama a kai, ta wuce abinta.

A hankali curina ya fara nisa. Bai kai na Hansai ba, ba zan yi ƙarya ba, amma yana wuce inda cilli ke tsayawa nesa ba kusa ba. Na ƙudurta a raina Baba sai ya gani.

Ranar ta zo. Ya dawo ƙwadago da wuri, ya biyo ta gona. Na hango hularsa tana tahowa cikin gero, daidai lokacin wani ɗan garke ya sauka can kusurwar arewa. Na ce wa Hansai, "Bari wannan nawa ne." Na ɗauki curi mafi kyau, na taka, na sake shi. Wallahi ban taɓa yin irinsa ba, ban kuma sake ba. Ya tafi yana juyi ya faɗi tsakiyarsu, suka watse. Na juyo ina haki, hannuna bai ma sauko ba.

Baba ya gani. Na san ya gani, don ya tsaya cak. Sai ya kawar da kai ya kama wani kan gero yana dubawa, ya murza, ya hura. Ya ce, "Hansai, sannunku da rana. Geron ya kusa."

Ta ce, "Kawu, ba ni ba ce, Yaya Rabi ce ta yi wannan!"

Ya ce, "To." Ya wuce.

Bayan haka marka ta sauka. Kwana da kwanaki sama a rufe, yayyafi ba ya tsayawa, itace ya jiƙe, Inna na fama da wuta tana hawaye. Curina suka ƙi bushewa, in ka ɗauka sai su lotsa a hannu, ga nauyi. Ranar da sama ta buɗe, tsuntsun da ya kwana biyu bai ci ba ya taso gaba ɗayansa. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Rana ta dushe. Malam Nomau ya jefar da fartanya ya shigo gonarmu yana kaɗa rigarsa yana salati. Hansai na kan gado, ni ina ƙasa, ba mai miƙa wa wani, kowa na ɗiba daga kwando yana wurgi da ɗanyar laka mai nauyin dutse. Muka yi ihu har murya ta tafi, muna buɗe baki ba abin da ke fita. Da kwando ya ƙare muka koma damƙar jiƙaƙƙen yashi. Ba mu karya ba tun safe, ina ganin wasu taurari na yawo a idona. Can wajen la'asar suka gaji da mu suka tafi.

Kusurwar arewa ta tafi duka, kawuna farare kamar an wanke. Sauran ya tsira. Hansai ta sauko daga gado da hannun hagu, na dama na rataye, kafaɗar ta kumbura ta yi sumul. Nawa hannun ma ciwo yake, igiya kuma ta fasa fatar har jini ya ɓata bakin zani, amma nawa a ƙarƙashin hammata yake, ba mai gani.

Geron sauran mutane ya kawo kai a 'yan kwanakin nan, tsuntsu ya rarrabu, muka samu sauƙi. Sai wata safiya Baba bai fita ƙwadago ba. Ya ɗauki wuƙa ya nufi gona. Kowa a gidan ya san abin da ake nufi. Ƙanena ya kama tsalle yana cewa tumu, tumu. Ni kuwa na kasa zama. Na ɗauki tsintsiya na share tsakar gida, na sake sharewa. Na riga na gama shari'ar a raina: duk garin nan an san wanda ya tsare gonar bana. Na ce in ya miƙa mata ba zan yi kuka a gabansu ba, zan ɗauki tulu in tafi rijiya.

Ya dawo da kawuna a rungume, kore-kore masu nauyi. Ya tara kara a gindin bishiyar tsakar gida ya hura. Ya ɗora kan farko yana juyawa, idon geron na fashewa ɗaya-ɗaya, tas, tas. Ƙamshin nan, wanda bai yi watanni yana cin tafasa ba ba zai gane shi ba. Yawu ya cika mini baki har kunnuwana suka yi zafi. Muka kewaye wutar. Hansai na tsugune kusa da gwiwarsa, hannunta a kan cinya. Ni ina can baya, tulu a kusa da ƙafata.

Ya ciro shi daga wuta, ya kaɗe toka, ya yi bismilla. Ya miƙa hannu ta saman kan Hansai, ta saman kan ƙanena, fuskarsa na kallon katanga.

Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Ke, ba ki gani ba ne? Karɓi."

Na matsa na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Yatsunsa suka taɓa nawa, kamar kowace shekara. Ya janye hannunsa. Ko don lakar da na cura ne, ko don wurgin nan ɗaya da ya gani, ko don kawai haka aka saba, har ya koma ga Allah ban sani ba, kuma ba a tambayar uba irin wannan.

Ban kai ga murza shi ba sai na ji ya ce, "Hansai, matso nan." Ya ce wa Inna ta kawo man kaɗen da take ɓoyo. Ya bar sauran kawunan a hannun Inna ta gasa. Ya zaunar da yarinyar nan a gabansa, ya lakaci man, ya kama kafaɗar da ta kumbura yana shafawa a hankali da babban yatsa. Ta yi 'yar ƙara, ya ce, "Yi haƙuri, Hansai. Sannu, Hansai." Ya ɗaga hannun kaɗan-kaɗan har ya haye kafaɗa, ya riƙe shi a can sama, ya dubi Inna ya ce, "Kin ga hannun nan? Shi ya ba mu tuwon bana. Allah ya yi masa albarka."

Inna ta ce amin. Ƙanena ya ce amin da baki cike. Ni ma na ce amin.

Na koma gindin katanga na murza tumuna a tafin hannu, na hure ƙaiƙayin, na zuba a baki. Zafi, zaƙi, ga ɗan ɗacin hayaƙi. Nawa ne, da hannunsa ya ba ni, na cinye shi tas har na tsince abin da ya faɗi a zani. Ina taunawa ina kallon yatsan nan nasa yana zagaya kafaɗarta. Da a ce a lokacin wani ya zo ya ce, Rabi, kawo tumun ki karɓi kumburin, da yunwar da komai, da na miƙa masa.